Hutun da Ba Albashi a Abbasiya

Shekaranjiya ina zaune a ofis ina fifita da wani tsohon kwali, an ɗauke wuta tun safe, hadari ya haɗu ya watse ba ko ɗigo, ga azumi ya fara nisa, sai wata yarinya da muka ɗauka koyarwar wucin gadi ta leƙo. Ta gaishe ni, ta tsaya tana murza gefen mayafinta. Na ce ta faɗi abin da ya kawo ta, ni ba na son kwana-kwana da azumi a bakina.

Ta ce, "Hajiya, dama tambaya ce. Mu da ake biya da awa, idan an tafi dogon hutu akwai wani abu da ake ba mu?"

Na ce babu. Ta ce to, ta gode, ta juya. Wannan godiyar ce ta ɗauke ni cak ta mayar da ni Alƙahira, shekarar 2013, don ni ma na taɓa tsayawa gaban wani tebur na yi wannan tambayar da gurgun Larabcina, na kuma yi godiya a kan babu.

A lokacin muna zaune a unguwar Abbasiya, ni da maigidana Malam Sani da 'yarmu Nana, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Shi yana digirin digirgir a fannin fiƙihu, ni ina digiri na biyu, na gama shiga aji saura rubutu. Gidanmu ɗaki biyu ne a hawa na ƙarshe, daga mu sai rufi. Wata kwaleji mai sashen harsunan Afirka ta ɗauke ni in riƙa yi wa ɗalibai darasin magana da Hausa. Nahawu da adabi manyan malamansu Misirawa ke koyarwa, ni nawa in sa yara su buɗe baki. "Bil-hissa" suke ce wa irinmu, wato darasin da ka shiga a biya ka, wanda ba ka shiga ba ko oho. Da farko ban damu ba, don kuɗin cefane na ɗauke su, haya kuwa tallafin karatun Malam ke biya. Sai tallafin ya fara jinkiri, daga jinkiri ya koma "ana kan magana", daga nan muka ji ɗif. Kafin jarrabawar ƙarshen shekara, 'yan awoyin nan nawa ne ke riƙe da gidan gaba ɗaya.

Ana gab da rufe kwaleji na ji malamai suna hirar "ta'minat", inshorar ma'aikata, wai har da wani kaso da ake ba wanda ya rasa aiki kafin ya sami wani. Kunnena ya tashi. Na gangara ofishin ma'aikata wurin Ustaz Magdi, wani dattijo mai sanƙo da ba a raba shi da kofin shayi. Na zayyana masa buƙatata. Ya saurare ni tsaf, mutumin kirki ne.

Ya ce, "Ya Ustaza Rabi'a, an kore ki?"

Na ce, "A'a."

"To ai ba ki rasa aiki ba."

Na ce, "Madalla. Tunda ina da aiki, sai a ba ni albashin hutu."

Ya ce, "Albashin hutu na ma'aikata ne. An taɓa ɗaukar ki aiki? An taɓa cire ko sisi daga kuɗinki aka zuba a ta'minat? Ke awa kike sayar mana, mu saya. Hutu ba awa."

Ba a kore ni ba, ba a kuma ɗauke ni ba. Na ce to, idan an dawo hutu, da ni? Ya ɗaga hannu sama ya ce insha Allah, ya danganta da yawan yaran da suka zaɓi Hausa da kuma abin da shugabar sashe ta gani. Na zauna da Misirawa na san insha Allah ɗinsu kala-kala ne, wannan kuwa ba mai ƙwari ba ne. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ya yi mini tayin shayi. Na ce na gode.

A kan matattakala na ci karo da Madam Su'ad, malamar Faransanci, ita ma bil-hissa, ta fi shekara goma sha a haka. Gwauruwa ce mai jiki, mai murya, idan tana raɗa ana ji a hawa na biyu. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Daga wurin Magdi kike. Kowa sai ya je sau ɗaya, ni ma na je, har da kuka. Share fuskarki, ya habibti. Idan azumi ya kama zan neme ki."

Da na koma gida na faɗa wa Malam. Ya ce dama Yaya Habu, wana da ke Kaduna, ya kira shi. Ya ce idan abin ya gagara a faɗa masa, zai biya mana kuɗin jirgi ni da Nana mu dawo gida, amma zuwa kawai, ba komowa. Muka yi ta juya maganar har muka tsayar da shawara. Za mu lallaɓa mu kai ƙarshen hutu. Idan aka buɗe kwaleji da ni, shi ke nan. Idan babu ni, in ɗauki Nana in koma Malumfashi wurin Inna, Malam ya saki gidan ya koma ɗakin ɗalibai a unguwar Darrasa ya ƙarasa karatunsa. Na ce to, amma da baki kawai. Na san mata nawa da suka koma gida "na ɗan lokaci" da rabin digiri a akwati, har yau yana akwatin. Ban son in bar karatuna, ban kuma son Nana ta tashi tana sanin ubanta a waya. Abin da nake tsoro ke nan, shi na kwana da shi na tashi da shi duk tsawon hutun.

Sai zafi ya sauka. Zafin Alƙahira ba irin namu ba ne. Namu yana zuwa da sa rai, ka sha wuya, hadari ya haɗo, iska ta kaɗa, ƙasa ta yi ƙamshi. Nasu zafi ne tsagwaronsa, sama fes, wata da watanni ba ko gajimare. Rufin simintinmu ya yini yana shan rana, da yamma ya riƙa sauke mana ita a ka. Ga ɗauke wuta a shekarar ba ƙaƙƙautawa, kuma da ta tafi injin da ke tura ruwa sama sai ya tsaya, famfo ya yi tari ya yi shiru. Na koyi tara ruwa a duk abin da ke da baki, bokiti da tukwane da robobin lemo. Ƙuraje suka feso wa Nana a wuya da gadon baya. Sai in jiƙa zani in shimfiɗa mata a kan tayil ta kwanta, kafin ta yi barci ya bushe, in sake jiƙawa.

Wata rana na kira Inna. Ina jin ruwa yana dukan kwanon ɗakinta har maganarta ba ta fita sosai. Ta ce an gama noman firi ana maimai, gero ya yi kyau bana. Na ce, "Inna, don Allah ɗan yi shiru in ji ruwan." Ta ce, "Ke Rabi, lafiyarki kuwa?" Amma ta yi shirun. Ina tsaye a bakin taga da waya a kunne har katin ya ƙare.

Gidan ya koma tafiya a kan tsari, ba don muna so ba. Bayan asuba Malam ya bi layin gurasar gwamnati, aish baladi, ya dawo da ita da zafinta mu baza a kan tabarma ta sha iska. Da ita da ful, waken nan nasu manya, muke karyawa. Daga nan ya taka a ƙasa zuwa wani shagon buga takardu a Darrasa, inda yake gyara wa ɗaliban Malesiya Larabcin rubutunsu a ba shi abin da ya samu. Ni kuwa sai rana ta yi sanyi nake shiga kasuwa, lokacin da masu kayan miya suka gaji suka karya farashi. Allah ya taimake ni Misirawa suna cin abin da muke ci, suna kawai suka sauya masa. Mulukiyyar da suke ji da ita lalo ce, bamiya kuɓewa ce, shinkafarsu gajera kuma tana yin tuwo sumul. Nama kam mun yi sallama da shi, sai ƙashin kaza da masu kaji ke warewa bayan sun zare tsoka. Daddawar da na zo da ita daga gida na riƙa gutsura kamar magani, don miya ta ji ƙamshin gida kawai. Babban tashin hankali shi ne gas. Mai sayar da tukunyar gas, wadda suke ce wa ambuba, yana bi layi yana ƙwanƙwasa ta da sifana, kuma a shekarar sai a yi kwanaki ba ka ji ƙarar ba. Ran da na jiyo shi daga nesa sai in leƙa taga in yi ta ƙwala kira kamar 'yar tasha, ni da a gidanmu ba a jin muryata a zaure.

A haka azumi ya same mu, tsakiyar zafi, yini dogo kamar ba za a yi magariba ba. Kwana biyu da kamawa Madam Su'ad ta kira ni. Ta ce wani ɗan'uwan marigayi mijinta, ɗan kasuwa, yana kafa ma'idatur Rahman duk shekara, wato teburin buɗa-baki na sadaka da ake jerawa a titi, kowa ya zo ya zauna ya ci. Suna neman hannu a wurin girki.

Na ce, "Madam, ni fa ban saba ba. Teburin sadaka?"

Ta ce, "Wa ya ce ki zauna a tebur? Girki za ki yi. Mai girki tana da rabonta, ta kai gida ta ci da mijinta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kina tsammanin da me nake cin azumi duk shekarun nan? Yalla, gobe bayan azahar."

Na faɗa wa Malam ina jiran ya hana. Ya ce, "Maman Nana, ciyar da mai azumi ne. Ga lada ga abinci, me ya rage?"

Wani garejin mota ne aka share a bayan titi, aka jera murhunan gas da tukwanen da yaro zai iya wanka a ciki. Na tarar da mata sun fi goma, kuma da muka gaisa na gane kusan rabinsu irina ne. Ga mai koyar da Ingilishi a wata kwaleji, ga mai koyar da lissafi, duk bil-hissa, duk hutu ya kwashe musu ƙafa. Madam Su'ad ta nuna tukwanen da ludayi ta ce, "Ga ta'minat ɗinmu nan. Magdi bai san da ita ba." Muka yi dariya, aka miƙo mini wuƙa da buhun albasa.

Aikin yana da tsarinsa. Da farko tsintar shinkafa, muna zaune a da'ira da manyan farantai a cinya. Sai yankan albasa, hawaye na zuba maƙogwaro a bushe. Sai feraye dankali, a markaɗa tumatir, maza su zo su ɗora tukwane don mu ba ma iya ɗaga su. Wajen la'asar garejin ya zama tanda. Zufa ta jiƙa mu har zani, harshe ya manne a ganɗa, ga ƙamshin soyayyar albasa da tafarnuwa yana shiga hanci yana murɗa hanji, ba kuma mai iya ɗanɗana gishiri. Wata tsohuwa a cikinmu da hanci take gane gishiri ya ji ko bai ji ba, ban taɓa ganin ta kuskure ba. Ni kuwa Nana tana goye a bayana ina aiki, abin da ya zame wa matan nan abin kallo. Kullum sai wata ta zagayo ta ja ɗaurin zanin ta ce, "Wallahi za ta faɗo!" Ba ta faɗo ba, barcinta ma take sha.

Ni aka bar wa jiƙa karkade, zoɓo ke nan. Rana ta uku na gaji da shan shi salam, daga ruwa sai sukari, na daka citta da kanumfari na zuba. Madam Su'ad ta shinshina ta ce na ɓata musu abin sha, me ya haɗa karkade da kayan miya? A ranar ko ɗigo bai rage ba. Washegari da kanta ta sayo cittar, tana ce wa mata ai dama ta daɗe tana tunanin a gwada.

Gab da magariba samari su jera tebura a ƙarƙashin rumfar yadi, su tsaya tsakiyar titi suna tare motoci suna cusa wa direbobi dabino ta taga. Masu shara su zo, da kwandastoci, da 'yan Sudan, da wanda magariba ta riska a hanya da kwat ɗinsa. Wani lokaci in jiyo Hausa a tebur, ɗalibanmu 'yan gida, sai in ja baya in lafe a bayan labule har su tashi. Sai a kira salla, garin nan da ba ya rufe baki ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar cokula. Mu a gareji mu zauna a kan buhuna mu kurɓi ruwa. Har yau ban sha ruwan da ya kai wannan daɗi ba. Bayan an watse a raba mana abin da aka ware, shinkafa da miyar dankali da 'yan yankan nama, in rungumo roba da ɗuminta in hau bas. Ita ce abincin darenmu, ita ce sahur, har Nana ta yi kumatu a watan.

Yanzu albashina yana shigowa ko ina aji ko ina barci, firiji cike, amma sai in buɗe shi da azumi in tsaya ina tunanin me ma zan ci. A lokacin ba na wannan tunanin.

Salla ta zo, aka naɗe rumfa, aka wanke tukwane aka kife. Madam Su'ad ta tafi Mansura wurin ƙanwarta. Garin kuma, wanda dama tun kafin azumi yake a hargitse da rigimar siyasa, ya ƙara rincaɓewa. Jirage masu saukar ungulu suna shawagi a kanmu, an tare manyan tituna, aka sa dokar hana fita da dare. Iyaye daga gida suka yi ta kiran 'ya'yansu, ɗalibai baƙi da yawa suka tattara suka tafi, har da 'yan Malesiyan da Malam ke samun na gurasa a wurinsu. Muka koma ful da safe, miyar adas, wani ƙaramin wake, da dare. Na sayar da 'yan kunnena na aure aka toshe bakin haya. Aka ce an ɗage buɗe makarantu, muka ƙara jira.

Ni dai ina jiran kira. Wayata ba ta barin hannuna, har banɗaki da ita nake shiga. A tarbiyyar da aka yi mini, wanda ya ba ka aiki shi ke neman ka idan yana son ka. Ka je ka tsaya masa a ƙofa kana "ga ni", wannan roƙo ne, kuma ka sa shi jin nauyin ce maka a'a. Ko da na kira Madam Su'ad na yi mata barka da salla, ban tambaye ta komai ba, don kada ta ga kamar ina so ta yi mini hanya. Zafi ya fara sassautawa, mangwaro ya ƙare a kasuwa, sabon dabino ja ya fito. Ran nan ina tsaye a taga na ga 'yan mata da littattafai a ƙirji suna rububin shiga bas. An buɗe. Na ba su kwana ɗaya, na ba su biyu, mako ya shuɗe, wani ya kama. Wayar nan ko tari ba ta yi ba.

Na ce wa Malam, "Khalas, shi ke nan. Sun gama da ni."

Bai yi musu ba. Ya kira Yaya Habu ya ce a fara neman jirgi. Ya sauka ya gaya wa Ammu Sabir, mai gadin ginin, wanda shi ke haɗa masu haya da mai gida, cewa ƙarshen wata za mu saki ɗakin. Tun washegari Ammu Sabir ya fara hawo da mutane suna leƙa mana ɗakin kwana da kicin ina tsaye. Na sayo manyan jakunkunan leda masu zif na fara cusa kaya. Littattafan bincikena na sa a can ƙasa don kada in riƙa ganin su. Ba na kuka a gaban Malam, shi ma ba ya kallon jakunkunan.

Sai wata safiya ya ce, "Kin je kin yi musu sallama?"

Na ce, "Su wa? Mutanen da ko kira ba su iya yi ba?"

Ya ce, "Ko ba su kira ba. Kin ci arziki a wurin shekara guda. Ba a barin gari haka kamar an yi sata. Ki je ki gaida shugabarku, ki nemi gafara, ki dawo."

Na yi ta ƙunƙuni, na ce ai shi komai sai ya kawo ladabi a ciki. Amma na san gaskiyarsa, Inna ma da ta ji na taho ba sallama sai ta ci mini mutunci. Na sa atamfata mai kyau, na ƙulle ɗan turaren wutan da ya rage mini a leda don kada in je hannu biyu, na bar masa Nana na fita ina kumbure-kumbure.

Da na hau benen sashenmu sai na ga baranda cike. Malaman bil-hissa ne jere a kan benci a ƙofar shugabar sashe, Daktora Nagwa, kowa da kofin shayi, ana ta hira. Kafin in gane kan abin, na ji an kurma ihu, "Rabi'a!" Madam Su'ad ce. Ta taso ta cafke ni, ta tura ƙofar ofis ba ko ƙwanƙwasawa ta ja ni ciki.

Daktora Nagwa ta cire tabarau ta dube ni kamar ta ga fatalwa. Ta ce, "Ke! Ina kika shiga? An ce mana duk 'yan Najeriya sun tafi!"

Na ce, "Ina nan, Daktora. Ina gida ina jiran a kira ni."

"A kira ki?" Ta dubi Madam Su'ad, Madam Su'ad ta dube ta. "Wa ake kira? Kin ga waɗancan da ke kan benci, akwai wanda na kira? Mai son awa zuwa yake ya zauna ya sha shayi in ga fuskarsa. Wanda ban gani ba, na san ya sami abin da ya fi."

Na ce a wurinmu kunya ce mutum ya zo neman abin da ba a yi masa tayi ba. Ta ce a wurinsu wanda ya yi shiru ya ƙoshi ne. Ta ce yara sabbi sun zaɓi Hausa, suna zaune ba mai sa su magana, har ta yanke shawarar a makon nan za ta raba awoyin ga wani tsohon ɗalibinsu da ya koyi Hausa a littafi. Sannan ta dubi ledar hannuna ta ce, to yau me ya fito da ni?

Na buɗe baki na ce, "Dama sallama na z..."

Madam Su'ad ta mintsine ni a damtse, mintsinin da sai da ya kwana uku yana zafi. Ta ce, "Gaisuwa ta zo yi, ya Daktora. Ga ma turare ta kawo miki."

Daktora ta ba ni awoyin, sai dai ba su kai na bara ba, an riga an gutsure wasu. Amma tun ina tsaye na auna su da haya da gurasa da ful na ga za su kai mu. Daktora ta ce yaran suna aji yanzu haka, in je. Na shiga ba alli ba littafi. Ban san me na koyar ba a ranar. Na dai tuna na sa su sun yi ta maimaita gaisuwa, suna karya ta yadda suka ga dama, ni kuwa ina jin ta kamar waƙa.

Wayata ba kati, don haka Malam bai ji labari ba sai da na kai gida. Na hau benen nan ina haki. A hawa na biyu na yi kiciɓis da Ammu Sabir yana saukowa da wani saurayi da mahaifiyarsa, suna maganar irin fentin da za su yi wa ɗakin. Ban tsaya ba. Na tura ƙofa na tarar da Malam durƙushe yana ɗaure jaka da igiya, Nana tana zaune a kan ɗaya.

Ya ɗago ya ce, "Kin yi sallamar?"

Na ce, "Malam, daga aji nake."

Bai gane ba. Na ce masa an buɗe kwaleji da ni, ashe jira suke in je. Ya saki igiyar. Ya dube ni, ya dubi jakunkunan, sai na ga idonsa ya tafi ƙofa. Ya ce, "Ammu Sabir! Yanzu zai kai su wurin mai gida!"

Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin mutumin nan ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ko iƙama ake yi. A ranar kuwa, da takalmi ɗaya ya fita, ba hula, yana tsallake matattakala bibbiyu, muryarsa tana amsa kuwwa a benen gaba ɗaya: "Ya Ammu Sabir! Tsaya! Ba ma tashi! Muna nan!"

Maƙwabta suka buɓɓuɗe ƙofofi. Ni kuwa na zame na zauna a ƙasa tsakanin jakunkuna, na jawo Nana jikina, ina dariya hawaye na zuba, ina jiyo shi can ƙasa yana ta faɗa wa duk wanda ya leƙo cewa muna nan.